Na raka Gwaggo tsohuwar makarantarsu a Bompai

Mu mutanen Zariya in aka ce makarantar mishan Wusasa ce take fara faɗo mana a rai, don mun taso muna jin labarin Dokta Mila, Baturen mishan ɗin nan, da asibitin can da St. Paul's da ta koma Kwalejin Kufena. Kano kuwa in an ambace ta sai dai Kwari da Kurmi da Singa da Dala da gidan Sarki, ba wanda zai ce maka coci balle makarantar 'yan mata ta Katolika. Alhali kuwa tana nan a Bompai, St. Louis, tushenta tun 1948, kuma 'ya'yan Hausawa Musulmi da yawa a can suka yi karatu, ciki har da Gwaggona yayar babanmu, wadda ta yi aikin nas har ta yi ritaya.

Biki ne ya kai mu Kanon, auren jikar wata ƙawarta a Hotoro, amma tun a gida ta riga ta kafa min sharaɗi, ta ce "ke ni fa ba zan dawo ba sai na leƙa makarantarmu, rabona da ita tun ana kashe kwabo." Na ce toh Gwaggo Allah ya kai mu. Da sassafe muka hau mota a Kwangila, ita a gaba saboda ƙafarta, ni a baya an matse mu. Hanyar Zariya zuwa Kano duk wanda ya saba bi ya san ta, Kwanar Dangora, Ciromawa, sai ka shigo ƙasar Kadawa da Kura inda ko da rani ido yake shan kore saboda noman ruwa, ga shinkafa ga kwandunan tumatir an jera bakin titi a Kwanar Gafan, masu rake suna bin motoci da gudu. Daga gadar Tamburawa ka san ka iso, Na'ibawa kuma cunkoso ya karɓe ka. A Unguwa Uku muka sauka.

Sai da aka gama hidimar biki, ranar Litinin da hantsi muka tari Adaidaita Sahu. Yaron da ya ɗauke mu yana jin maganarmu ya gane Zage-zagi ne ya fara tsokana, Gwaggo kuwa ba ta barin ta kwana, ta rama har da ƙari, muka yi ta dariya. Da na ce masa St. Louis a Bompai bai ko yi tambaya ba, ya ce "makarantar sistoci ko? ai ƙanwar uban ɗakina can take." Na ji daɗin wannan amsar wallahi, don na ɗauka sai mun yi ta kwatance.

Bompai daban take da cikin birni. Tituna masu faɗi, tsofaffin itatuwa da suka rufe sama, gidajen Turawan da masu faffadan fili, can gefe masana'antu wasu na aiki wasu an rufe, ga hedkwatar 'yan sanda ga Central Hotel. Kuma ba haka kawai makarantar ta samu kanta a wannan yankin ba, akwai dalili, ni ma sai da na zauna na haɗa abin da na karanta da abin da Gwaggo ke faɗa sannan ya fito min sarai. A 1900 wata tawagar 'yan mishan ta CMS, ƙungiyar wa'azi ta cocin Angalikan, ƙarƙashin Bishop Tugwell, da Dokta Mila a cikinsu, ta iso Kano, Sarki Alu bai karɓe su ba, ya ce su kama gabansu. A 1903 Turawa suka ci Kano da yaƙi, amma Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba, shi ya sa aka hana 'yan mishan yin wa'azi a cikin biranen Musulmi. Makarantar boko ta farko ma da Baturen nan Dan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 ta gwamnati ce, ba ta coci ba. Toh sai jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya kwaso ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu, aka yanka musu Sabon Gari a wajen ganuwa, su kuma da yawansu Kirista ne, suna son wurin ibada suna son inda 'ya'yansu za su yi karatu. Limaman Katolika na wata ƙungiyar mishan mai suna SMA suka biyo mutanensu. Kun ga ke nan duk wata coci da makarantar mishan a Kano a bayan badala za ka same ta, Sabon Gari ko Bompai ko hanyar filin jirgi, babu ita a cikin gari.

Su sistocin kuma labarinsu daga nesa ya taso. Wani limami ɗan Faransa mai suna Louis Bautain, wanda malamin falsafa ne kafin nan, shi ya kafa ƙungiyar a 1842 a garin Juilly kusa da Faris, aka sa mata sunan Sarki Louis na 9 na Faransa. A 1859 suka tsallaka Ailan suka zauna a garin Monaghan, a can suka yi ƙarfi da harkar koyarwa, kuma daga can ɗin ne aka turo na farko zuwa Nijeriya a 1948, Kano ce masaukinsu na fari, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga baya ne suka bazu, Jos da Zonkwa inda suke da asibiti, da ƙasar Yarbawa irin su Akure da Ondo. Ni abin da yake tsaya min a rai shi ne mata ne fa, matasa, sun baro ƙasar da ruwan sama ba ya yankewa sun zo garin da a watan Afrilu ko ƙarfen ƙofa ba ka iya taɓawa, ba miji ba ɗa ba dangi, wai don su koyar da 'ya'yan wasu. Ko ba ka yarda da aƙidarsu ba wannan ƙoƙari ne, dole ka faɗa.

A bakin get maigadi ya tsayar da mu, dattijo ne mai fara'a amma ba wasa. Na ce "sannu da aiki Baba, tsohuwar ɗaliba na kawo." Ya dubi Gwaggo da sandarta ya ce "Hajiya barka da zuwa, wace shekara?" ta ce masa tun lokacin Audu Baƙo na gwamna ta shigo, ya riƙe baki ya ce lallai ke uwar gida ce a nan. Duk da haka sai da muka rubuta suna da abin da ya kawo mu, ya aika ciki, muka jira a benci har izini ya zo. Gwaggo ta ce min a hankali "kin gani ko, halin nan bai canza ba, ko uban wa ka zo da shi sai ka bi layi."

Abu na farko da na lura da shi shiru ne. Lokacin darasi ne, 'yan mata cike da azuzuwa amma ba ka jin komai sai muryar malamai ta taga. Ni malamar makaranta ce, na san wahalar da ake sha kafin a samu irin wannan shirun, ba bulala ke kawo shi ba, sabo ne da aka gina shekara da shekaru. Fili a share, ba leda ko ɗaya, an kewaye furanni da duwatsu an shafa musu farar ƙasa. A wani lungu ga mutum-mutumin Nana Maryam kamar yadda 'yan Katolika suke ajiyewa, Gwaggo ta wuce ta gabansa ba ta ko waiwaya ba, ta ce shekarun da ta yi nan kullum ta nan take bi kuma ba wanda ya taɓa ce mata ta rusuna.

Sistar da ta karɓe mu baƙar fata ce 'yar Nijeriya, Hausa a bakinta tas, don Turawan sun daɗe da miƙa ragama ga 'yan ƙasa. Ta rusuna ta gai da Gwaggo da "sannu da zuwa Mama, ina gajiya," ta sa aka kawo mana ruwa. Nan Gwaggo ta buɗe jaka ta zaro wani tsohon hoto baƙi da fari da ta naɗe a leda, su ne 'yan aji an jera su sahu-sahu, Baturiyar sista a tsakiya da mayafinta. Ta fara nunawa da yatsa, wannan ta zama likita, wannan alƙaliya, wannan 'yar Ibo ce babanta yana aikin reluwe, wannan Bayarabiya ce daga Ilori, wannan an cire ta a aji uku an yi mata aure ta yi ta kuka ranar da za ta tafi, wannan ta rasu wajen haihuwa Allah ya ji ƙanta. Sista ta karɓi hoton da hannu biyu ta daɗe tana kallo, ta roƙi a bar ta ta ɗauka a waya.

Aka haɗa mu da wata ɗaliba 'yar babban aji ta zagaya da mu, amma gaskiya Gwaggo ce ta zama 'yar jagora, yarinyar sai bin mu take tana murmushi. A nan na sha labarin zaman makarantar kwana na wancan zamanin. Ta ce ƙararrawa ce ke mulki, ita ke tashinka ita ke kwantar da kai. Tun duhu-duhu an tashi, Musulmi su yi alwala su yi Asuba, Kirista su tafi addu'arsu, sannan kowa ya kama yankin da aka ba shi na shara, a yi wanka, a gyara gado. Gyaran gadon nan ta fi minti goma tana min bayaninsa, yadda ake ja zanin gado a naɗe kusurwa a cusa ƙarƙashin katifa har ya miƙe ba ko tattara ɗaya, in sista ta zo dubawa ranar Asabar ta ga ya karkace sai ta yaye duka ki sake daga farko. Ta ce da ta je makarantar koyon aikin jinya aka zo darasin gyaran gadon majinyaci, ita da sauran 'yan mishan ko kallon malamar ba su yi ba, sun riga sun iya. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa tun muna yara in muka kwana gidanta ba ma karyawa sai mun gyara shimfiɗa.

Daga nan asambili, a duba farce a duba kitso a duba takalmi, sai aji har azahar, a ci abinci, a ɗan kwanta dole ko ba kya jin barci, la'asar wasanni ko aikin lambu, bayan magariba firef, wato karatun dare, kowa da littafinsa ba mai cewa uffan. Ban da lissafi da Turanci da kimiyya an koya musu ɗinki da saƙa da girki, har yau rigunan sanyin jarirai da take saƙa wa jikoki daga nan ta samo. Abinci kuwa ta ce irin na kowace makarantar kwana ne, tuwon da 'yan makaranta ke ce wa gabza, shinkafa da wake, koko da safe, shi ya sa ranar bizitin take da daraja. Ranar nan tun safe kowa ta ci kwalliya tana leƙen get, iyaye su zo da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da dambun nama da sukari da madarar gari, a cika akwatin ƙarfe a sa kwaɗo. Wadda iyayenta suke nesa, Legas ko Inugu, ba mai zuwa mata, sai 'yan Kano su ja ta cikin tabarmarsu ta ci da su. Kakanmu, Allah ya gafarta masa, ta ce in zai zo daga Zariya kashi biyu yake yi wa kayan, nata da na ƙawarta 'yar Ibo, har yana ce mata 'yata.

Akwai kuma tsarin uwar ɗaki da 'yar ɗaki, siniya ta ɗauki ƙaramar yarinya sabuwar zuwa ta riƙa kula da ita, ta ajiye mata kuɗinta, ta yi mata kitso, ita kuma ƙaramar ta ɗebo mata ruwa. Uwar ɗakin Gwaggo Bahaushiya ce Kirista daga wani ƙauye a ƙasar Kano, cikin Maguzawan da suka karɓi Kiristanci. Yarinyar da ke raka mu ma ta ce har yanzu akwai irinsu, kuma akwai cocin da ake yin ibada da Hausa zalla. Wannan abu ne da mu 'yan birni muke mantawa, sai mu ɗauka duk Kiristan da ke Kano baƙo ne, alhali wani kakansa na can gaba da kakanka zama a ƙasar.

Na yi mata tambayar da na san da yawanku za ku yi, na ce Gwaggo tsakani da Allah ba a taɓa jan ku zuwa addininsu ba? Ta tsaya ta dogara sandarta ta ce ita dai ba a taɓa ba, suna sallarsu, da azumi ana tashinsu sahur, sun san waƙoƙin coci don kunne ba ya da murfi, su ma ƙawayensu sun iya Fatiha don kullum suna ji, amma kowa ya fita da abin da ya shigo da shi. Ta ce ranar da kakanmu ya yanke shawarar kawo ta sai da 'yan'uwansa suka yi masa taron dangi, wai ya kai 'ya mace gidan arna, wata gwaggonsa ta yi wata da watanni ba ta amsa gaisuwarsa. Ni kam ban ga laifin tsoffin nan gaba ɗaya ba, don 'yan mishan asali wa'azi ne ya fito da su daga ƙasarsu, kuma a wurare da yawa makaranta ce ƙofar da suka bi, wanda ya ji tsoro yana da hujja. Amma na fi ganin ƙarfin halin kakanmu, malamin zaure ne fa, shi da kansa ya sauke ta Alƙur'ani kafin ta tafi, ya ce abin da ya zuba mata ba mai iya kwashewa, saura kuma ta je ta koyo aikin da za ta duba matan garinsu kada namiji ya duba su. Matan da Gwaggo ta karɓi haihuwarsu a Zariya da kewaye Allah kaɗai ya san adadinsu.

Muna zaune a gindin wata bishiyar mangwaro tana hutawa aka kaɗa ƙararrawar tara, 'yan mata suka fito, nan shirun ya watse. Wasu da hijabi wasu ba lulluɓi, hannu cikin hannu, wannan na Hausa wannan na Turanci wannan na buroka, wasu suka zo suka durƙusa suka gai da mu da suka ji an ce tsohuwar ɗaliba ce. Wata 'yar ƙarama ta ce "Kaka da gaske a zamaninku Turawa ne ke koyarwa?" Gwaggo ta ce ƙwarai, har da masu jin Hausa, ta kwaikwayi yadda wata sista take cewa sannu da aiki, yaran suka kwashe da dariya. Na tambaye su me suke son zama, likita ta fi yawa, sai lauya, ɗaya ta ce matuƙiyar jirgin sama don kullum tana ganinsu suna sauka ta saman makaranta. 'Yan ajin ƙarshe kuwa ba su da lokacinmu, WAEC da NECO ne a gabansu, suna can gefe da tsofaffin takardun tambayoyi.

Ina kallon yaran nan sai lissafin abin da garin nan ya gani ya zo min, rikicin 1953, tashin hankalin 1966 da ya kwashe mutanen Sabon Gari, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, Maitatsine a 1980, rikicin 1991, da shekarun bama-bamai da Bompai ɗin kanta ta ɗanɗana a 2012. A shekarun 1970 kuma gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan a wurare da dama har aka sauya musu suna, a Kaduna St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Sarauniya Amina, tamu ta Wusasa ta koma Kufena. Wannan kuwa ga ta da sunanta, ga ta maza St. Thomas ita ma da nata. Kano a tsarin cocin Katolika da can ƙarƙashin Kaduna take, sai a 1999 ta zama cikakkiyar dayosis, wato yanki mai bishop nasa, bishop na farko Patrick Sheehan ɗan Ailan, daga 2008 kuma John Namaza Niyiring, babbar cocinsu ita ce Our Lady of Fatima. Duk wannan yana cikin tarihin Kano kamar yadda Kwalejin Rumfa da Gidan Makama suke ciki, kuma ina ganin ya kamata yaran cikin badala su san shi, ba don su bar nasu ba, don garinsu ne.

Azahar ta yi muna can, aka ba mu buta da wuri mai tsabta muka yi salla. Kafin mu fito Gwaggo ta ce in kai ta ofis, ashe da wata manufa a ranta tun daga Zariya. Ta tambayi yadda ake ɗaukar sababbin ɗalibai, lokacin jarrabawar shiga da abin da ake buƙata, aka rubuta mata a takarda. Jikarta ce take aji biyar a firamare, 'yar Yayanmu, take so ta kawo. A cikin Adaidaita muna komawa na ce mata Gwaggo kin san fa Yaya ba lallai ya yarda ba, ya fi son Islamiyya mai haɗe da boko, ga kuɗin makaranta ga nisa. Ta ce "ke dai bar ni da shi, ubana ma da ya fi shi ilimin addini ya kawo ni, kuɗi kuma fanshona na nan." Na ce toh amma a bar yarinyar ta gama haddar da ta fara, ta ce wannan dole ne, shi ne ma sharaɗin farko.

Muka biya Kwari ta sayi atamfa turmi biyu na tsaraba, muka ci gurasa bandashe a bakin hanya, sannan muka nufi Unguwa Uku muka samu mota saura mutum biyu ta cika. Ta ce ranar Juma'a bayan masallaci za ta kira Yaya gida ta ji ta bakinsa, ni kuma an ɗora min aikin nemo malamin da zai riƙa yi wa yarinyar lesin ɗin lissafi da Turanci kafin lokacin jarrabawar.